Sarrafa ruwan mahaƙa yayin gina toshin rami a ƙarƙashin ƙasa: tambayoyi da amsoshi

Mene ne wannan toshin, kuma me ya sa ake gina shi?

Katanga ce mai kauri ta kankare da ake zubawa a cikin ramin shiga mahaƙar ma'adinai, ta cika shi daga daɓe har rufi, bango zuwa bango, don ta riƙe ruwan da ke taruwa a bayanta. Akan gina ta idan an daina haƙa ana so a rufe wurin, ko kuma idan ana so a raba ɓangaren da ruwa ya ci da ɓangaren da ake kan aiki. A tsofaffin mahaƙun zinariya da jan ƙarfe da kwal akwai dalili na uku. Idan ruwa ya taru ya rufe duwatsun ciki, iska ba ta samun kai wa gare su, sai tsamin ruwan da ke fita ya ragu.

Tunda toshe ruwan za a yi, me ya kawo maganar sarrafa shi ana cikin gini?

Saboda ruwan ba ya tsayawa ya jira magina. Ramin da ake so a toshe shi ne hanyar da ruwan dutsen yake bi ya fita, wani lokaci shekara hamsin ko ɗari yana bi. Ɗanyen kankare kuwa ba ya jure ruwa mai gudu: zai wanke simintin ya bar tsakuwa da yashi, ya tona wa kansa 'yar hanya a ƙasan katangar, kuma wannan hanyar ba za ta rufu da kanta ba. To ga aikin da ke buƙatar wuri busasshe na tsawon makonni, ga ruwan da ba ya hutu dare da rana. Dabarar duka ita ce a ba ruwan hanyarsa ta daban, ya ci gaba da wucewa ta cikin bututu har katangar ta yi ƙarfi, sannan a rufe masa ita a hankali. Rufe ruwan shi ne mataki na ƙarshe a aikin, kuma a ganina yawancin ɓarnar da ake samu tana faruwa ne idan aka yi gaggawar kai wa gare shi.

Wane irin nauyi ruwan yake ɗora wa katangar?

Mutane da yawa suna zaton yawan ruwan ne abin tsoro. Abin da ke matsa katanga shi ne tsayin ruwan a samanta. Kowace mita 10 ta tsayin ruwa tana ɗora kusan tan 10 a kan kowace murabba'in mita. A ce ramin faɗinsa mita 3 ne, tsayinsa mita 3, fuskar katangar ta zama murabba'in mita 9. Idan ruwan da ke cikin dutsen ya hau mita 100 sama da ita, nauyin da ke tura ta ya kai kusan tan 900. Ko siririyar tsaga ce ta haɗa katangar da wannan ruwan na sama, matsin ɗaya ne.

Shi ya sa ba a zaɓar wurin gini a kusa da bakin rami, inda dutse ya ruɓe kuma rufin ba shi da kauri. Ana shiga ciki har a sami dutse mai ƙwari, mai ƙarancin tsaga, wanda nauyin da ke kansa ya fi ƙarfin ruwan da za a tara. In ba haka ba, matsin zai buɗe tsagogin dutsen ruwan ya zagaye katangar, ita kuwa tana tsaye lafiya lau ba ta tare komai ba.

Mene ne abu na farko kafin a taɓa komai?

A san inda ruwan yake, da tsayinsa, da yawan da yake fitowa. Auna yawan fitarsa abu ne mai sauƙi: ana sa ɗan shinge mai baki a magudanar ramin ana karanta tsayin ruwan da ke tsallakewa. Amma awon wata guda bai isa ba. Ana buƙatar na shekara cikakkiya in da hali, domin ruwan mahaƙa yana ninkawa idan aka yi ruwan sama mai yawa ko ƙanƙarar kan dutse ta narke, kuma sau da yawa ƙaruwar ba ta isowa sai bayan kwanaki ko makonni.

Abin da ya fi haɗari shi ne tsohon ramin da rufinsa ya rufta a wani wuri. Wannan ɓaraguzan yakan zama madatsa, ruwa ya cika bayansa har rufi, kai kuwa a gabansa ba ka ganin komai sai ɗan tsattsafi. A ranar 5 ga Agusta 2015, a mahaƙar Gold King kusa da garin Silverton a jihar Kolorado ta Amurka, ma'aikatan da ke aiki ƙarƙashin hukumar kare muhalli ta ƙasar suna tonon ɓaraguzan bakin ramin sai ya ɓalle. Ruwa kusan lita miliyan 11, ruwan ɗorawa mai ɗauke da ƙarafa, ya kwarara cikin rafin Cement ya shiga kogin Animas, ya wuce har wasu jihohin. Binciken da ma'aikatar cikin gida ta Amurka ta fitar daga baya ya nuna cewa da an fara huda rami daga sama an auna tsayin ruwan, da an sake shiri. Wannan hujin, irin na rijiyar burtsatse, yana da tsada a kan dutse mai wuyar hawa, amma ban ga abin da zai maye gurbinsa ba. Tsohuwar taswirar mahaƙa tana taimakawa, sai dai ba a dogara da ita ita kaɗai, don sau da yawa an ci gaba da haƙa bayan an zana ta.

Yaya ake kawar da ruwan daga wurin da za a zuba kankare?

Ana gina ƙaramar madatsa ta wucin gadi a can ciki, 'yan mitoci sama da wurin katangar. Wani lokaci buhunan yashi da leda mai kauri sun isa, wani lokaci sai an yi ta da bulo ko kankare, a dasa gindinta cikin dutsen daɓe. Tsayinta yakan tsaya wajen gwiwa zuwa ƙugu, domin aikinta kawai ta tara ruwan ya shiga bakin bututu. Bututun sai ya ratsa wurin ginin, ya bi ramin ya fita waje.

Ga yadda wurin yake idan an yi shi daidai. A bayan madatsar ruwa ya kwanta ja kamar tsatsa, bakin bututun yana ƙarƙashinsa da ragar ƙarfe a kai don kada guntun katako ko tsohon buhu ya toshe shi. A jikin bango an kafa sanda mai alamun awo, wadda kowane mai shiga aiki yake dubawa ya rubuta. A gaban madatsar an haƙa ɗan rami a daɓe, an sa ƙaramin famfo yana kwashe abin da ya yoyo ta ƙasa. Daga nan zuwa wurin katakon zubi, wato allunan da za su riƙe ɗanyen kankaren, dutsen a wanke yake, da danshi amma babu ruwa kwance.

In dai ramin yana da gangara zuwa waje, a bar ruwan ya bi bututu da nauyinsa. Famfo yana lalacewa, wuta tana ɗaukewa, gangara kuwa ba ta buƙatar mai ko makaniki. Inda babu gangara dole a yi amfani da famfo, to a nan sai a tanadi biyu, kowanne ya iya ɗaukar ruwan shi kaɗai, da janareta na ko-ta-kwana.

Wane irin bututu ake sawa, kuma yaya girmansa?

Ɓangaren da zai zauna cikin kankare har abada ba a yi masa arha. Baƙin ƙarfe na gama-gari ruwan tsami yakan cinye shi, don haka ana amfani da ƙarfen da ba ya tsatsa, mai kaurin da zai ɗauki cikakken matsin da ake tsammani. Ana walda masa faifan ƙarfe a jiki, guda biyu ko uku, domin ruwa yana son bin gefen bututu ya silale, faifan kuwa suna tsawaita masa hanya. Daga gaban katangar zuwa waje ana iya haɗawa da bututun roba mai kauri.

Girmansa kuma ana lissafa shi da ruwa mafi yawa da aka taɓa aunawa, a ƙara wani abu a kai, domin tsatsar da ruwan ke ɗauke da ita tana manne wa cikin bututu tana rage masa faɗi. Lita 10 a daƙiƙa ba ta yi kama da abin tsoro ba, amma a kwana guda lita 864,000 ke nan. Idan bututun ya toshe da dare, kafin gari ya waye madatsar ta cika ta tumbatsa. Masu hankali sukan sa bututu biyu, da wani ƙarami na uku don ma'aunin matsi da ɗibar ruwan gwaji.

To ruwan da ke tsattsafowa daga bangon dutse a daidai wurin zubin fa?

Wannan shi ne mai wahalar. Madatsa tana tare ruwan da ke gudu a daɓe, amma ba ruwanta da wanda ke ɗigowa daga tsagar rufi. Idan ɗigon kaɗan ne, ana huda dutsen a sa ɗan bututu a tsagar, a liƙe kewayensa da siminti mai saurin kamawa, a ja bututun ya fita gaban katako. Ruwan sai ya bi ta nan ya ƙyale kankaren. Bayan katangar ta yi ƙarfi, ta wannan bututun ake ɗura siminti a rufe tsagar. Idan kuwa tsagogin suna da yawa, sai a yi wa dutsen ɗurin siminti tun kafin zubi: a huda ramuka kewaye da ramin, a tura ruwan siminti mai laushi da matsi ya cika tsagogin.

Sai wankin dutse. Daɓen tsohon rami yakan tara laka mai kauri, da tsofaffin katakai da layin dogon tura ma'adinai. Duk wannan sai an kwashe, a fasa dutsen da ya saki, a wanke da ruwa mai ƙarfi har hannu ya taɓa dutse tsantsa. Lakar da ba ta fi kaurin farce ba, in aka bar ta tsakanin kankare da dutse, ta isa ta zama hanyar yoyo.

Ina ake kai ruwan da aka fitar? Ba za a sake shi rafi kawai ba?

A'a, sai an gwada shi, kuma galibi sai an tace shi. Ruwa ba ya tsami banza. A cikin duwatsun da ake samun ƙarafa akwai wani ma'adini mai ƙyalli, haɗin ƙarfe da farar wuta, wanda idan ya haɗu da iska da ruwa yake haifar da asid. Asid ɗin sai ya narkar da ƙarfe, jan ƙarfe, tutiya, dalma da sauransu ya ɗauko su. A mahaƙar Iron Mountain da ke Kalifoniya an taɓa auna ruwan da tsaminsa ya yi yawa har ya faɗi ƙasa da sifili a ma'aunin pH, wanda lambarsa ke raguwa idan tsami ya ƙaru, alhali ruwan sha yana wajen 7.

Lokacin gini ruwan yakan fi na kullum muni, don ƙafafun ma'aikata da injuna suna tayar da lakar da ta kwanta shekara da shekaru. Abin da aka saba yi shi ne a haƙa tafkuna biyu ko uku a jere a waje, a shimfiɗa musu leda, a riƙa zuba farar ƙasa a ruwan kafin ya shiga na farko. Farar ƙasar tana kashe tsamin, ƙarafan su dunƙule su kwanta a ƙasa, ruwan da ya washe ya tsallaka na gaba. Ana auna shi kullum kafin a sake shi, bisa iyakar da hukumar muhalli ta wurin ta gindaya. Lakar da ta kwanta kuma ba a zubar da ita ko'ina. Ana busar da ita a binne a wurin da aka keɓe.

Akwai wani abin da ake yawan mantawa. Ruwan da aka wanke injin kankare da shi, da wanda ya taɓa ɗanyen siminti, shi ma guba ne ga kifi, sai dai ta ɗaya gefen: yakan kai 12 ko fiye a ma'aunin. Shi ma tafki ake kai shi.

Asid ɗin ba zai cinye katangar kanta ba?

Yana ci, amma a hankali, kuma daga fuskar da ke kallon ruwan. Ana zaɓar siminti mai jure gishirin farar wuta, a haɗa da tokar kwal ko makamancinta, a rage ruwan kwaɓi don kankaren ya yi ƙanƙam. Wasu kuma suna ƙara kauri a fuskar ciki, wanda ba a lissafa shi cikin ƙarfin katangar, an ba ruwan ya ci.

Me ake lura da shi a ranar zubi?

Na farko, kada a tsaya. Idan zubi ya katse na awoyi kankaren farko ya kama, za a sami gaɓa tsakaninsa da na biyu, ruwa kuwa yana neman irin wannan gaɓar. Don haka ana tanadar injin turawa na biyu da isasshen kaya tun kafin a fara. Ba a fafa gora ranar tafiya. Na biyu, bututun ruwan ya ɗauru da kyau a kan ƙafafunsa, domin ɗanyen kankare yana iya ɗaga shi ko ya karya masa haɗi. A tsawon zubin akwai mutum guda da ba shi da aiki sai kallon madatsa da fitar ruwa a waje. In ruwan waje ya ragu ba dalili, ko ya koma launin toka, to wani abu ya faru a ciki.

Na uku, zafi. Siminti yana fitar da zafi sa'ad da yake kamawa, kuma a katanga mai tsawon mitoci da yawa tsakiyar takan yi zafi ƙwarai yayin da gefen da ke jikin dutse mai sanyi yake hucewa. Bambancin in ya yi yawa sai ta tsage. Ana binne ma'aunin zafi a ciki ana bibiya. Da ta huce kuma takan ɗan tsuke, ta bar rata a sama tsakaninta da rufi, inda dama iska take maƙalewa lokacin zubi. Saboda wannan ratar ake jera ƙananan bututu a rufin tun da farko, bayan makonni a dawo a ɗura siminti ta cikinsu har ya ƙi shiga.

Wannan ɗurin bai kamata a ɗauke shi ƙaramin aikin ƙarshe ba. Gwaje-gwajen da wasu injiniyoyi biyu, Garrett da Campbell Pitt, suka yi a mahaƙun zinariya na Afirka ta Kudu, waɗanda aka wallafa a 1958 da 1961, sun nuna cewa abin da ke yanke tsawon toshi shi ne yoyon da ke bin tsakanin kankare da dutse, fiye da tsoron ruwa ya ture katangar. Har yau injiniyoyi suna komawa ga wannan aikin.

Wane haɗari ne ke kan ma'aikatan da ke ciki?

Ruwa da iska. Mai aiki a wurin katanga yana da hanyar fita guda ɗaya tak, kuma ita ce hanyar da ruwan zai bi in ya ɓalle. Don haka ana sa ƙararrawa a madatsa wadda za ta yi kuka idan ruwa ya wuce alama, a kuma yarda tun farko cewa da ta yi kuka kowa zai ajiye abin da ke hannunsa ya fita, ba tare da jiran umarnin kowa ba. Canjin launin ruwa, sabon tsattsafi a inda babu shi jiya, ko iska mai sanyi da ta taso daga ciki, duk alamu ne da ba a yi musu gardama.

Iskar tsohon rami kuma tana kisa ba tare da an ji komai ba. Tsatsa da ruɓaɓɓen katako suna shanye iskar shaƙa. A sarari tana kusan kashi 21 cikin ɗari, kuma idan ta sauka ƙasa da 19.5 wurin bai dace da aiki ba. Tayar da laka yana iya sakin iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda idan ta yi yawa hanci ma yakan daina jin ta. A mahaƙar kwal ga iska mai kama wuta. Kowace tawaga tana shiga da na'urar awon iska, da fanka mai tura iska ta cikin bututu har wurin aiki. Da an kafa katakon zubi, ɓangaren da ke bayansa ya rabu da wannan iskar, saboda haka duk wanda zai koma duba madatsa sai an sake aunawa.

Yaushe ake rufe bawul, wato abin da ake murɗawa a tsayar da ruwan bututun?

Bayan kankare ya kai ƙarfin da aka tsara, wanda akan gwada da samfurin kwana 28, bayan an gama ɗurin siminti, kuma bayan an shirya masu sa ido a waje. Ko a nan ma ba a rufewa gaba ɗaya a tafi. Ana rufewa a bar ruwa ya hau wasu mitoci, a tsaya, a duba fuskar katangar da dutsen kewaye, a auna yoyon da ke fitowa, sannan a ƙara. Ɗan danshi a fuskar ba abin tashin hankali ba ne. Yoyon da ke ƙaruwa alhali matsi bai ƙaru ba, ko wanda ya fara fitowa da laka, shi ne ke cewa a buɗe bawul a sauke ruwan a sake ɗuri. Hawan ruwan yana iya ɗaukar watanni ko shekaru, gwargwadon girman ramukan da ke ciki.

In an toshe, ina ruwan zai tafi?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a amsa tun kafin a sayi buhun siminti na farko. Ruwan sama yana ci gaba da shiga dutsen, don haka ruwan ciki zai hau har ya sami wata ƙofa: wani tsohon rami a sama, tsagar dutse, ko maɓuɓɓugar da ta ƙafe tun lokacin da aka fara haƙa. A wannan yankin na Silverton, an gina toshi uku a ramin American Tunnel tsakanin 1996 da 2002. Ruwan ramin ya ragu sosai, amma a shekarun da suka biyo baya ruwan da ke fita daga wasu mahaƙun da ke sama, har da Red and Bonita da Gold King ɗin nan, ya ƙaru. Saboda haka kafin a rufe bawul ana zagaya dutsen a rubuta kowace maɓuɓɓuga da kowane bakin rami, a auna yawan ruwansu da tsaminsu, don in wani abu ya canza daga baya a gane. Masu rijiyoyi da masu shan rafin da ke ƙasa suna da haƙƙin a gaya musu ranar da za a rufe da abin da za su sa ido a kai.

Bayan an gama, a cika bututun da siminti ne ko a bar shi?

Ra'ayi ya rabu a nan. Masu cewa a cika suna ganin bawul da bututu su ne wuri mafi rauni, kuma wata rana za su lalace ko wani ya taɓa su. Ni na fi karkata ga a bar shi, muddin akwai wanda aka ɗora wa alhakin kula. Bututu mai bawul yana ba da damar a sauke ruwan in ya ɓullo a inda ba a so, ko a riƙa sakinsa daidai gwargwado zuwa wurin tacewa, dutsen ya zama ma'ajiya a lokacin da ruwa ya yi yawa. Ma'aunin matsin kuma shi kaɗai ne ke gaya maka abin da ke bayan katangar.

Abin da ya faru a Wheal Jane, mahaƙar kuza a Kornwal ta Ingila, yana nuna illar rashin iko da ruwan da ke hawa. An rufe ta a 1991 aka kashe famfuna, ruwa ya cika ramukan, sai a Janairun 1992 toshin wani tsohon rami ya ɓalle, ruwa mai tsami kusan lita miliyan 50 ya shiga kogin Carnon ya rina mashigin teku. Idan an zaɓi barin bututun, to a sa bawul biyu a jere, a bar ramin da ke gaban katangar a tokare da kyau yadda mutum zai iya shiga, a sa ƙofar ƙarfe mai kulle a baki, sannan a rubuta a takardar rufe mahaƙar wanda zai riƙa zuwa karanta ma'aunin, sau nawa a shekara, da kuma inda kuɗin zai fito.